Haƙƙin Ɗan Ƙwadago Ba Ya Tsayawa a Kan Iyaka

Mu mutanen Jibiya mun san ci rani. Da an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai mu ga samari suna ɓullowa daga Maraɗi da Madarunfa da Ɗan Isa, su biyo ta Magama su shigo. Waɗansu su tsaya nan su yi dako a kasuwa. Waɗansu su wuce Katsina da Kano su yi ga-ruwa, ko gini, ko gadi. Namu kuma su kan haura can neman abin kansu.

To, ga tambaya. A ce ɗan ci rani ya yi wa wani aikin gini wata guda cur. Ranar biya sai mai aikin ya ce masa, "Kai baƙo ne, ba ka da ta cewa a ƙasar nan. Karɓi rabi ka kama gabanka." Shin gaskiya ne baƙo ba shi da ta cewa? A'a, ba gaskiya ba ne. Ku biyo mu ku ji dalili.

Akwai wata ƙungiya da a ke kira Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. An kafa ta cikin 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko. Babban ofishinta yana Jeniba, a ƙasar Suwizalan. Waɗanda suka kafa ta sun lura zaman lafiya ba ya ɗorewa inda a ke zaluntar masu aiki. Sun kuma lura in ƙasa ɗaya ta kyautata wa leburorinta, maƙwabciyarta ta ƙi, to, masu kuɗi za su kwashe aikinsu su koma inda gumin talaka ya fi araha. Saboda haka suka ce gara a yi ƙa'ida ɗaya wadda kowa zai bi.

Kowace shekara a kan yi babban taro a Jeniba. Kowace ƙasa ta kan aika wakilai huɗu: biyu na gwamnati, ɗaya na masu ba da aiki, ɗaya na 'yan ƙwadago. Kowane wakili yana da ƙuri'arsa. Abin da suka shirya a kai shi a ke kira yarjejeniya. Amma yarjejeniya ba ta hawa kan ƙasa sai ƙasar ta amince ta sa hannu. In ta sa, ya zama wajibi ta gyara dokokinta, ta kuma riƙa ba da rahoton yadda ta ke cika alkawari. Nijeriya ta shiga ƙungiyar cikin 1960, Nijar kuwa cikin 1961. Ƙasashe 187 ke ciki.

Kada mu ce wannan zancen Turawa ne, bai shafe mu ba. Ku tambayi dattawa labarin aikin dole. A zamanin mulkin Faransa, can hayin iyaka, a kan kama mutane su yi hanya, su ɗauki kaya a ka, ba da son ransu ba. Da yawa suka bar gonakinsu suka ƙetaro wajenmu. Nan gefenmu ma ba a tsira ba. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa, suka kai su Jos haƙar kuza. Sanyi da cuta suka kashe da dama. Alhali tun 1930 ƙungiyar ta yi yarjejeniyar hana aikin dole. Faransa ba ta soke shi a ƙasashen da ta ke mulki ba sai 1946. Kun ga ke nan, doka tana iya kwana cikin takarda, in waɗanda a ka yi ta dominsu ba su san da ita ba.

Ga ƙa'idodi huɗu da ya kamata kowa ya riƙe.

Ta fari, ba a sa mutum aiki da ƙarfi ko da tsoratarwa. Wanda ya riƙe takardun mutum, ko ya ɗaure shi da bashin da ba ya ƙarewa don kada ya tafi, ya keta doka.

Ta biyu, maganar lada. Yarjejeniyar 1949 ta ce a biya ma'aikaci da kuɗin da ƙasa ke ci, a hannunsa, a kan lokaci. Ba a tilasta masa sayen kaya a kantin mai gidansa. Ba a zaftare masa kome sai abin da doka ta yarda. Nijeriya da Nijar duk sun sa hannu. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta kuma ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku, a ba shi hutun kwana ɗaya cikin bakwai.

Ta uku, yara. Yaro ya taimaki ubansa a gona bayan makaranta, wannan ba laifi. Amma yarjejeniyar 1999 ta hana sayar da yara, da bautar da su, da sa wanda bai kai shekara 18 ba aikin da zai nakasa shi. Duk ƙasashen ƙungiyar sun amince da ita. In wani ya zo ƙauye ya ce a ba shi yarinya ya kai ta aikatau birni, ko yaro ya ƙetare da shi Hamada, mu yi hattara. Ba kowane mai daɗin baki ne mai alheri ba.

Ta huɗu ita ce amsar tambayarmu. Yarjejeniyar 1975 ta yi magana a kan baƙi masu neman aiki. Ta ce ko mutum ya shigo ƙasa ba shi da takarda, ladan aikin da ya riga ya yi nasa ne. Nijeriya ta amince da ita cikin 2023. Duk da haka, mai tafiya ya nemi takardun shaidarsa, ya bi ta ƙofa, ya fi masa kwanciyar rai.

To, yaya za mu yi mu ci amfanin waɗannan dokoki? Kafin mu sa hannu a aiki, mu yanke lada a gaban shaidu biyu. Mu rubuta ranar da muka fara, da kowane kuɗin da muka karɓa. Kada mu dangwala yatsa a takardar da ba mu karanta ba. Mu shiga ƙungiyar masu sana'armu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an cuce mu, mu fara da shugaban ƙungiya ko mai unguwa. In abin ya ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago a Katsina, akwai ofishin sufeton ƙwadago a Maraɗi.

Mu ma da mu ke ɗaukar 'yan ƙwadago a gonakinmu da damina, ƙa'idar nan ta hau kanmu. Yadda mu ke so a yi wa ɗanmu a Maraɗi, haka za mu yi wa ɗan wani a Jibiya.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya iya karatu da lissafi, da wuya a cinye masa guminsa. Saboda haka mu dage da zuwa aji, mu kuma gaya wa 'yan'uwanmu abin da muka koya yau.

Tambayoyi

1. Wakilai nawa kowace ƙasa ke aikawa Jeniba, kuma su wane ne?
2. Baƙon da ba shi da takarda yana da haƙƙin ladan aikin da ya yi?
3. Me ya kamata mu yi kafin mu fara yi wa wani aiki?