Waƙar Makoki a Unguwannin Kiristocin Injamena

A unguwannin kudancin Injamena, irin su Mursal, Shaguwa, Dembe da Waliya, ba sai an gaya maka an yi rasuwa ba. Kana tafe sai ka iske an gitta benci a bakin layi, rumfa ta cinye hanya, mata sun baje tabarmi a gefe guda, maza na kan kujeru a ɗaya gefen. Mai babur zai rage gudu ya sake hanya ba tare da gunaguni ba, don ya san wata rana layinsu za a tare. Idan gidan na Kirista ne, rana na faɗuwa za a soma waƙa, wani daren ma ba za a tsaya ba sai asuba.

Ni Bahaushiya ce, Kirista, daga ƙasar Katsina. Aure ne ya kawo ni nan, gidan mutanen Ngambai 'yan asalin Mundu, kuma zaman makokin garin nan na daga cikin abubuwan da na daɗe ina kallo kafin in gane kansu.

Abin da ke fara ɗaure wa baƙo daga Kano ko Maraɗi kai shi ne jinkiri. Musulmin Injamena, kamar na ko'ina, kan yi wa mamaci sutura su kai shi makwancinsa ba tare da ɓata lokaci ba. Kiristocin birnin kuwa yawancinsu 'yan kudancin ƙasar ne: Ngambai da Mbai da sauran dangin Sara, da Mundang da Tupuri na yankin Mayo-Kebbi. Danginsu na can Mundu, Doba, Kumra da Sar, kuma Mundu kaɗai ta doshi kilomita 500 daga nan. Ba a binne mutum kawunsa bai iso ba. Don haka gawa na mutuware, gida kuma na cike da jama'a, kwana uku, mako guda, wani lokaci fiye. Da rana maƙwabta Musulmi kan shigo gaisuwa, su kawo sukari da ganyen shayi, su zauna su yi ta'aziyya. Da dare sai ƙungiyoyin mawaƙa na majami'u su riƙa zuwa bi da bi, kowace da ankonta, matan zumunta da gangunansu da cakinsu, matasa da jita da lasifika.

Surukata ta rasu a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ko bango ka taɓa sai ya ƙona ka. Babbar 'yarta, yayar mijina, ita ta yi jinyarta har ƙarshe. Tun da aka yi rasuwar ta zauna a kan tabarma ta jingina da bango, ba ci, ba magana, ba hawaye. Fasto ya yi wa'azi mai kyau, tana kallon ƙasa. Matasa suka yi kiɗa har ƙura ta tashi, ko kai ba ta ɗaga ba. Can dare ya raba, man janareta ya ƙare, lasifika ta mutu. Kafin a aiki yaro neman mai, wata tsohuwa da ke zaune kusa da murhun shayi ta ɗauko waƙa da harshen Ngambai, daga zaune, muryarta na rawa. Mata biyu suka amsa, sai goma, sai rumfar duka. Na ga leɓen yayar mijina na motsi. A baiti na biyu kukan ya ɓarke mata, irin wanda ke fitowa tun daga ciki, matan suka matso suka riƙe ta, ba wadda ta ce mata ta yi shiru, waƙar kuma ba ta tsaya ba. Daga baya ta gaya mini da wannan waƙar uwarsu ke tashinsu addu'ar asuba tun suna yara.

Ni ma na san karin. Yana cikin Littafin Waƙoƙi da muka tashi da shi a majami'ar ƙauyenmu, sai na bi su da Hausa a hankali, ba wanda ya ji bambanci.

Wannan haɗuwar tana da tarihi. Addinin Kirista bai daɗe a Chadi ba. Mishan na Lutheran sun zauna a Lere a 1920, na Baftis suka isa Fort-Archambault, Sar ta yanzu, a 1925. Dakta John Olley, wanda ya taso daga New Zealand, sai da ya zauna a Kano kafin ya kama hanyar gabas, hanyar da alhazanmu ke bi da ƙafa a wancan zamani, ya iso Fort-Lamy a 1926. Fort-Lamy ita ce Injamena kafin a sauya mata suna a 1973. Shi ya fassara Sabon Alkawari zuwa harsunan Mbai da Kim, kuma daga aikinsa ne ikilisiyoyin da ake kira ACT suka samo tushe. Mishan ɗin SUM, wanda Kiristocin Filato suka sani sarai, shi ya kafa aiki a ƙasar Ngambai, daga nan aka sami ikilisiyar EET, wadda majami'unta a birnin nan lamba ake ba su. Waɗannan mutane da littattafan waƙa iri ɗaya suka zo Jos da Zariya da Mundu, aka zuba musu kalmomin kowane harshe. Katolika sun fara a Ku, kusa da Mundu, a 1929, kuma bayan babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965 suka buɗe ƙofa sosai ga harsunan gida da ganga da balafon, wato katakan nan da ake jerawa bisa duma ana bugawa.

Wasu daga cikin waƙoƙin da aka kawo, a cikin makoki aka haife su. Akwai wadda wani lauya ɗan Chicago, Horatio Spafford, ya rubuta bayan 'ya'yansa mata huɗu sun nutse a Tekun Atlantika a watan Nuwamban 1873, sa'ad da jirgin ruwan Ville du Havre ya yi karo da wani. Har yau ana rera ta da Faransanci a jana'iza. Amma waɗanda suka fi kama zuciyar tsofaffi su ne na gida, waɗanda mata da masu wa'azin ƙauye suka tsara da kansu, mai ja ya ja, jama'a su amsa, yadda ake waƙar noma da ta daka.

Su ma waɗannan ba a cikin daɗi aka yi su ba. A 1973 da 1974 Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa maza 'yan kudu shiga yondo, tsafin kai samari daji na Sarawa, aka kashe fastoci da masu bi da suka ƙi. A Fabrairun 1979 yaƙi ya ɓarke a cikin Injamena, 'yan kudu suka kwashe iyalansu suka gudu, a 1980 kuma aka shafe watanni ana ɓarin wuta har babbar majami'ar Katolika, Notre-Dame de la Paix, wadda aka buɗe a 1965, ta zama kango. Sai a Afrilun 2023 aka sake keɓe ta bayan gyara. Mulkin Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990, ya ci Musulmi da Kirista ba bambanci. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta mutum 40,000 suka hallaka, kuma iyalai da dama ba su ga gawar nasu ba, balle kabari. Ga harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008, ga bama-baman Boko Haram na 2015, ga ranar 20 ga Oktoban 2022 da aka harbe masu zanga-zanga, da yawansu matasan unguwannin nan. Tsohuwar da ta ɗauko waƙa a daren can ta ga duk wannan da idonta. Idan ta rera cewa Allah ba ya yasar da nasa, ba labari aka ba ta ba, kuma masu amsawa sun sani.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga yadda wasu makokin ke komawa. Ba ni da faɗa da waƙoƙin zamani na Kinshasa da Abijan da Legas, 'ya'yana na son su, ni ma akwai waɗanda ke sa ni hawaye. Damuwata ita ce ƙara. Idan aka ƙure lasifika, mutum huɗu ne ke waƙa, sauran jama'a sun zama 'yan kallo, har da matar da aka mutu aka bari. Ga kuma kuɗi: hayar rumfa da kujeru, man janareta, akwati mai tsada, anko, abincin ɗaruruwan mutane. Na san gidajen da aka gama jana'iza marayu suka rasa kuɗin makaranta. Shugabannin ikilisiyoyi na yawan jan kunne a kan haka, amma kowa na tsoron a ce bai girmama mamacinsa ba.

Akwai kuma masu ta'aziyyar da ke gaggawar share wa mutum hawaye. Da sun zauna sai su ce, "Haba Mama, ki daina kuka, ai yana wurin Ubangiji." Niyyarsu mai kyau ce, amma Littafi Mai Tsarki bai yi wannan gaggawar ba. A Yohanna sura 11 Yesu ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, kuma sai da suka buɗe baki suka ɓata lamarin. Cikin Zabura 150, da yawa kuka ne da ƙorafi ga Allah kai tsaye, ta 88 ma har ta ƙare ba a ga haske ba. Manzo Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, abin da ya ce kada su yi shi kamar marasa bege. Waƙar kirki tana barin mutum ya yi kukan da begen a numfashi ɗaya, abin da wa'azi ke wahalar yi.

Wuyar makoki ba a daren waƙa take ba. Tana zuwa ne bayan an dawo daga maƙabartar Tukra, an kwance rumfa, baƙin Mundu sun hau mota, layi ya buɗe. A nan gida ke komawa ga abin da yake da shi a hannu.

Na farko Littafi Mai Tsarki da harshen da mutum ke kuka da shi. Hausawa mun samu cikakke tun 1932. Na Ngambai ya cika a 1993, a shekarun nan kuma an fitar da cikakke da Larabcin Chadi, harshen kasuwa da titi da kowa ke ji a birnin. Masu boko na karanta fassarar Louis Segond ta Faransanci. Akwai littattafan waƙa irin su Chants de Victoire, da na harsunan gida da majami'u ke bugawa, da ƙananan littattafan karatun kullum na ƙungiyar Ligue pour la lecture de la Bible, kwatankwacin Abincin Yini da muka sani a Nijeriya. Katolika na da ƙananan ƙungiyoyin unguwa da ke taruwa gida-gida su yi addu'a da carbi, kuma kowace 2 ga Nuwamba sukan tuna da matattunsu. Matan zumunta, a kowace ɗarika, su ne ke komawa gidan gwauruwa a mako na uku da na huɗu da ƙwaryar gero da sabulu, lokacin da kowa ya manta.

Sai dai Chadi na cikin ƙasashen da masu iya karatu suka fi ƙaranci a duniya, musamman mata. Surukata ba ta taɓa karanta layi ɗaya ba. Littafin waƙarta na nan, bangon ya yage an ɗinke shi da zare, a shafin farko wani ya rubuta mata sunayen 'ya'yanta da ranakun haihuwarsu, da gicciye ƙarami a gaban biyu da suka riga ta. Takan riƙe shi a majami'a a buɗe, ba ta duba ba, don duk abin da ke ciki yana kanta. Ga irinta, waƙa ita ce makaranta, ita ce tafsiri. Tashin matattu, gafara, alkawarin cewa Allah na kusa da masu karyayyar zuciya, duk a baitoci ta haddace su, a baitoci kuma ta miƙa wa 'ya'yanta. Abin da ya kwance zuciyar 'yarta a daren can an shuka shi ne shekaru da dama kafin a bukace shi. Ba a koyon sabuwar waƙa ranar da aka yi maka mutuwa.

To yanzu wa ke shukawa? Yaran Injamena Larabci suke yi a titi, Faransanci a makaranta, Ngambai ɗinsu kuwa na gaisuwa ne. Nawa ga Hausa ta ƙaru musu. Waƙoƙin da ke wayoyinsu masu daɗi ne, amma kowace shekara sabbi ke korar na bara, ba wadda ke zama har ta yi jijiya. A gidanmu, bayan tuwon dare, mukan zauna a tsakar gida ko da wuta ko babu. Mai gida ya karanta sura da Faransanci, yaro ɗaya ya faɗi abin da ya fahimta da harshen da ya ga dama, sannan a yi waƙa biyu, ɗaya ta kakarsu da Ngambai, ɗaya tawa da Hausa. Mukan maimaita waƙa ɗaya tsawon wata guda har ƙaramin ya riƙe. Suna ƙorafi wani lokaci, musamman daren da ake ƙwallo. Mukan kuma ambaci kakarsu da suna a cikin addu'ar godiya, don na lura yara kan ɗauka mamaci abin da ba a magana a kansa ne, sai su haɗiye tambayoyinsu.

Yawancin waƙoƙin tsofaffin nan ba su cikin kowane littafi. Matan majami'armu sun fara bin su gida-gida suna ɗaukar muryoyinsu a waya, wata malamar makaranta na rubutawa, ana tura wa dangi a Mundu ta WhatsApp su gyara inda aka yi kuskure. Aikin na tafiya a hankali, don tsohuwa ba ta rera maka waƙa ba ta ba ka labarin wanda aka fara rera wa ita ba, kuma labarin ma muna rubuta shi.