Risor ɗin mota: tsakanin mai yankewa da mai ƙarawa

Duk wanda ya tsaya bakin babbar hanya a Cadawa ranar Jumma'a, ranar kasuwa, zai ga motoci iri biyu masu ban mamaki. Da safe ga bashe ta fito daga Maraɗi wayam, gindinta a sama kamar tinkiya mai shirin tunkuya. Da marece ita ce dai za ta koma, an shaƙe ta da buhunan aya da gero, fasinja bisa kaya, amma ta miƙe sumul kamar ba ta ɗauki kome ba. Can kuma, jefi-jefi, sai ga ƙaramar mota ta wani saurayi, cikinta na neman shafar kwalta, in ta iso tudun rage gudu sai ta karkace ta haye shi a gicciye. Dukansu biyu abu guda aka taɓa musu: risor, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira sifirin.

Risor shi ne ƙarfen da ke tsakanin ƙafar mota da jikinta, shi ke shanye dukan hanya. Iri biyu aka fi sani. Akwai mai murɗi, wanda ke cikin ƙananan motoci, akwai kuma mai falle-falle, wato lam, da ake jerawa bisa juna a ɗaure, kamar na bayan bashe Peugeot 404 da 504 da Toyota Hilux. Injiniyan da ya tsara motar ya auna tsawon risor da taurinsa tare da nauyin mota, da birki, da taya, da amortisar. In an sāke ɗaya, sauran ba su san an sāke ba.

Yayin runtse mota ƙasa ba nan ya samo asali ba. Samarin Amurka ƴan asalin Meksiko ne suka fara shi a birnin Los Anjalas tun shekarun 1940. Da farko buhunan rairayi suke jibgawa a bayan mota don ta zauna, daga baya suka koma yanke risor. Abin ya yi yawa har jahar Kalifoniya ta kafa doka a 1958 da ta hana wani sashe na mota ya sauka ƙasa da bakin ƙarfen taya, kuma ba a janye hanin ba sai farkon 2024. Abin dariya a nan shi ne, su suna sayen rairayi su zuba cikin mota, mu kuwa rairayi ne ke jiran motar a hanyar ƙauye.

Hanyar da ta fi araha ita ce a kai wa mai walda ya datse zagaye ɗaya ko biyu. Mota za ta sauka, gaskiya ne, sai dai risor mai murɗi in an gajarta shi tauri yake ƙarawa: wanda ke da zagaye 10 masu aiki, in an cire 1, taurinsa ya ƙaru da kimanin kashi 11 cikin 100. Ga shi kuma tazarar da amortisar ke motsi a ciki ta ragu, don haka rami kaɗan zai sa ya buga ƙarshensa, mai ya fara zuba. Tayu su karkace, su ci gefe guda. In yankan ya yi yawa, risor na iya fita daga mazauninsa sa'ad da ƙafa ta faɗa rami. Mafi muni shi ne masu gasa shi da wuta har ya yi ja ya lanƙwashe da kansa. Zafin yana kashe horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta, kuma ba wanda zai iya sa gefen dama da na hagu su sauka daidai. Kowane maƙeri ya san haka, tunda da tsohon lam yake ƙera adda da gatari, ya san kuma abin da wuta ke yi wa kaifi in ba a shayar da ƙarfe yadda ya kamata ba.

A Turai ana sayar da gajeren risor da aka ƙera musamman, tare da amortisar ɗinsa. Ko da shi ma, ma'aikacin da aka tura aiki Gazawa ko Gidan Rumji ya tuna cewa kwalta tana ƙarewa, aikinsa kuwa bai ƙare ba. Santimita 4 ko 5 da ya rage su ne ke tsakanin tukunyar man injinsa da tudun tsakiyar hanya. In ta fashe, man ya tsiyaye, inji ya ƙone kafin a kai gari.

Amma fa samari masu yanka ba su da yawa, kuma galibi kansu suke cuta. Babbar magana tana wajen masu ƙarawa, domin su ke ɗaukar jama'a. Ɗan kasuwa ya sayi bashe da aka yi don tan ɗaya ko kusa da haka, sai ya kai ta garaji a cusa mata lam biyu ko uku, ko a doke tsofaffin da guduma a mayar musu da lanƙwasa. Masu fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya ma sun daɗe da sanin wannan dabara, don kada zaman mota ya tona wa duwan abin da ke cikinta. Ba za a ce masu sufuri ba su da hujja ba: kayan gyara sun yi tsada tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, kuma sawu ɗaya da ya ɗauki kayan sawu biyu shi ke biyan mai da karen mota.

Sai dai lam ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Taya tana nan da iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta, gishirin ƙafa da sandar baya su ma haka. Da can, zaman gindin mota shi ne ke gaya wa direba cewa lodi ya isa. Yanzu an rufe mata baki. Kaya suna hawa sama, nauyi yana barin ƙasa, don haka kwana ɗaya da gudu, ko fashewar taya a zafin Afrilu, ya isa ya kifar da ita, waɗanda ke zaune bisa buhu kuwa su ne farkon faɗuwa. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da kowace ƙafa za ta ɗauka, amma manyan motocin kaya ta shafa. Bashen kasuwar ƙauye ba ta hawa sikeli, idon jandarma ne kawai ma'auninta, shi kuwa ido lam ya riga ya ruɗe shi.

Mai niyyar sayen tsohuwar mota ya tsayar da ita a wuri mai laushi ɗaya, ya auna tazarar taya da jiki a kusurwa huɗu, ya duƙa ya ƙirga lam na dama da na hagu, ya duba ko akwai tabon wuta ko sabon yanka a bakin risor. In ya ga falle ɗaya da launinsa ya bambanta da na ƴan uwansa, ya tambayi mai ita irin lodin da ta saba ɗauka kafin su shiga ciniki.