Darajar Tsohon Faranti Tana Ƙarƙashinsa

A ƙasar Ingila akwai kantunan gwanjo waɗanda ƙungiyoyin jinƙai irin su Oxfam ke gudanarwa, inda jama'a kan kai kayan da suka daina amfani da su a sayar don taimakon mabukata. A cikin masu zirga-zirga a waɗannan kantuna akwai waɗanda ba su da wani muradi face tara tsofaffin farantai da kofunan tangaran.

Mai wannan sha'awa idan ya ɗauki faranti, sai ya kife shi tukuna ya dubi gindinsa, domin a nan ne maƙera kan buga tambarinsu. Idan ya ga sunan Wedgwood, kamfanin da Josiah Wedgwood ya kafa a 1759, ko na Clarice Cliff mai zanen shekarun 1930, to, ya san abin da ke hannunsa. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, domin mai tsaga ba ya amo.

Abin lura a gare mu shi ne, cikin tamburan da ake nema har da namu. A farkon shekarun 1950 ne Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja, wato Suleja ta yau, kuma Ladi Kwali ta shiga a 1954. Kayan wurin suna ɗauke da sunan Abuja da haruffan Larabci, nata kuma da haruffan LK. Hotonta yana bayan takardar naira ashirin.

Saboda haka, kafin magada su kwashe tsofaffin kayan gida su miƙa wa dillali, ya kamata su duba ƙarƙashinsu.