Allon Yabo: Hanyar Gyara Ɗabi'ar Yara a Aji

Muna jan hankalin malaman firamare, iyaye da sakatarorin ilimi na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kan amfani da allon yabo. Tun bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, riƙe yara a makaranta ya zama jan aiki, bulala kuwa korar su take yi.

Malami zai rubuta sunayen yara a kwali, ya zaɓi ɗabi'a ɗaya, kamar zuwa da wuri. Duk wanda ya cika, a zana masa tauraro nan take. In ya tara biyar, a ba shi fensir. Kada a goge tauraro saboda laifi, domin yaron da aka ƙwace wa yabo yakan daina ƙoƙari. Idan ɗabi'ar ta zauna, sai a ɗauki wata.