Daga Shenzhen Zuwa Meiganga: Me Ke Sa Kayan Lantarki Su Yanke, Kuma Yaya Za Mu Shirya?

'Yan'uwa, wayar da ke aljihunmu, da amfilifayar da ke kai kiran sallah unguwa, da batirin solar da ɗalibai ke karatu da haskensa, babu ɗaya da ake ƙerawa a Meiganga ko a Garwa. Duk tafiya suka yi mai nisa kafin su iso mu. Wanda ya san hanyar da suka biyo, shi zai gane dalilin da ya sa farashi ke tashi dare ɗaya, ko a nemi kayan gyara a rasa.

Hanyar da kayan ke bi

Ƙananan ƙwaƙwalen na'ura da ake kira cip, mafi ingancinsu a Taiwan da Koriya ta Kudu ake yin su, a kamfanoni irin su TSMC da Samsung. Yawancin haɗa wayoyin kuma a ƙasar Sin ake yi. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, a birnin Shenzhen hedikwatarsa take.

Daga can kaya ke shigowa cikin kwantena zuwa tashar Duwala, ko ta Kribi da ta fara aiki a 2018. Wasu su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya ƙare tun 1974. Wasu kuma manyan motoci su ɗauko su ta Yawunde da Bertuwa da Garwa Bulai, su ratsa Meiganga su wuce Ngaundare da Garwa da Marwa. Akwai kuma hanya ta biyu daga Najeriya: kasuwar Alaba ta Legas da Farm Centre ta Kano, a biyo ta Yola ko Mubi a shigo Garwa.

Inda igiyar ke tsinkewa

Mun ga misalai a 'yan shekarun nan. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, hanya ta biyu ta toshe. Annobar korona ta tsayar da masana'antu a 2020, aka shiga ƙarancin cip a duniya har zuwa 2022. A Maris ɗin 2021 jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suwez na kwana shida, a shekarar da kuɗin ɗaukar kwantena ya ninka sau da yawa.

A gida kuma, raguwar ruwa a madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai ta jawo yawan ɗauke wuta a arewacin Kamaru. Wutar da ke zuwa tana ɗaukewa tana ƙona caja da amfilifaya, sai buƙata ta ƙaru daidai lokacin da kaya ke ƙaranci. Garin da ke nesa da teku irin namu, shi ne na ƙarshe da kaya ke isowa, shi ne kuma na farko da ke jin yankewarsu.

Abin da za mu iya yi

Manyan kamfanoni sun ɗauki darasi: sun daina dogara ga mai kawo kaya ɗaya, sun koma ajiye abin da ba su iya aiki sai da shi. Wannan darasin ya shafi mai shago da kwamitin masallaci da makaranta.

Na farko, ɗan kasuwa ya riƙe dillalai biyu a hanyoyi biyu, ɗaya a Duwala, ɗaya a Kano ko Yola. In an rufe iyaka ko naira ta yi rawa, sai ya juya ɗaya ɓangaren.

Na biyu, kafin mu sayi amfilifaya ko infata, mu tambayi mai gyara na garinmu ko yana samun kayanta. Na'ura mai araha da ba a iya gyara ta, ita ce mafi tsada. Arha ba ta ado.

Na uku, a ajiye ƙananan abubuwan da suka fi lalacewa: fis, makirfo, waya, da na'urar daidaita wuta. A yi duba tun wata biyu kafin azumi, lokacin da lasifika ke aikin tafsiri da tarawihi. Ajiyar buƙata daban take da ɓoye kaya don a tsawwala wa jama'a. Wannan na biyun zalunci ne.

Na huɗu, masallatai da makarantun gari su haɗa kuɗi su yi saye ɗaya, su kuma zaɓi samfuri iri ɗaya. Farashi zai sauka, kayan gyaran wannan kuma zai yi wa wancan.

Na biyar, kuɗin jama'a amana ne. A nemi farashi daga shago uku, a karɓi rasit da garanti a rubuce, a gwada kaya kafin a biya. Batirin jabu bai cika kai shekara ba.

Ga ɗalibanmu kuma, gyaran waya da haɗa sola sana'a ce da garuruwanmu ke buƙata. Duk na'urar da aka gyara a Meiganga, an huta jiran wata daga Duwala. Ba mu da iko a kan jirgin ruwa ko rufe iyaka, amma tanadi yana hannunmu, kuma da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya sa albarka a nemanmu.