Rigar Roba Ta Masu Nutso: Tana Hana Mutum Nutsewa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Kwanar Dangora, ya aiko mana da takarda yana cewa a cikin dilar gwanjo an sami waɗansu baƙaƙen riguna na roba masu kama jiki, aka ce masa na masu nutso a teku ne. Yana so ya san amfaninsu da yadda ake zaɓensu, domin yana da niyyar kai iyalinsa yawon Sallah bakin dam ɗin Tiga, har su shiga kwalekwale. Ya ce, in ya saya wa yara, hankalinsa ya kwanta ke nan?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, don kuwa magana ce ta rai. A taƙaice dai, a'a, kada hankalinka ya kwanta. Rigar da ka gani maganin sanyi ce. Wadda ke ceton mutum in kwalekwale ya kife daban take, za mu zo kanta.

Bari mu fara da ta robar. Ana yin ta da wata irin roba mai suna niyofirin, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1930. Wani masanin kimiyya na Jami'ar Kalifoniya, Hugh Bradner, shi ake dangantawa da fara yin rigar nutso da ita a 1952. In ka duba bakin robar za ka ga kamar soso take, cike da 'yan ƙananan kumfa na iska. Wannan kumfa shi ke tsare ɗumin jiki. Ruwa kaɗan yana shiga tsakanin fata da rigar, jiki ya ɗumama shi, ya zauna nan. Abin da ya sa ake bukatarta kuwa, ruwa ya fi iska saurin zuƙe zafin jiki wajen sau 25. Shi ya sa ko a ruwa mai ɗumi, irin na Bahar Maliya wajen Jidda da Masar inda baƙi ke zuwa nutso don kallon kifaye, mutum in ya daɗe a ciki sai ya fara karkarwa.

Wajen zaɓe, abu na farko kauri. Ana rubuta shi da milimita a wuya ko a hannun rigar. Mai milimita 2 ko 3 ita ce ta ruwa mai ɗumi. Mai 5 ta ruwa mai ɗan sanyi ce, mai 7 kuwa ta ƙasashen sanyi irin su Ingila. In ka ga an rubuta 3/2, watau ƙirji da baya milimita 3, hannu da ƙafa 2, don a ji daɗin motsi. A ƙasarmu mai 3 ta wadatar. Wanda za ta yi wa rana shi ne masunci mai shiga ruwa da asuba lokacin hunturu, ko mai haƙar yashi a kogi.

Na biyu, ta kama jiki sosai. In ta yi yawa, ruwa zai riƙa shiga yana fita, amfaninta ya tafi. In kuma ta matse wuya ko ta hana numfashi, bar ta. Na uku, da yake gwanjo ce, ja robar ka gani. In ta bushe tana tsattsagewa, ko ɗinki ya buɗe, ko zif ya ci, kuɗinka kawai za ka zubar. Kada kuma a sa ta a zauna cikin rana da bazara, zafi zai iya sumar da mutum.

Gaskiya ne tana ɗan ɗaga mutum a ruwa, shi ya sa ma masu nutso ke ɗaura ɗamarar dalma don su iya yin ƙasa. Amma wannan ɗagawar ba abin dogara ba ce. Ba ta juya mutum rigingine, ba ta riƙe kansa sama. Yaron da ya firgita ko ya sha ruwa zai iya kifewa a cikinta, fuska a ruwa. Har ila yau, tun da ruwa na ratsa ta, ba ta hana kamuwa da tsargiya, watau fitsarin jinin nan da ake ɗauka a ruwan dam da na fadama. Su kuma masu nutso da tukunyar iska a baya, sana'a ce da ake koya a hannun gwani. Kada ganin riga ya sa wani ya ce zai gwada.

To, yanzu ga abin da ya kamata ka nema: rigar ceto. Ita ce 'yar shara mai soso a ciki, yawanci ruwan lemo ko ja, mai ɗamara da maɓalli. Duba takardar da ke manne a cikinta, za ka ga lamba da harafin N. Mai 50N ta wanda ya iya iyo ce, a kusa da gaɓa. Mai 100N ita ce mafi ƙarancin abin da za ka saya don ruwan dam. Mai 150N ta fi ta, don an yi ta ne ta juya mutum fuska sama ko da ya suma. Wani zai ce, 100N ɗin nan ƙarfin ɗaga kilo 10 ne kawai, ina zai riƙe ƙato mai kilo 70? Ai a cikin ruwa nauyin mutum 'yan kilo kaɗan ne ke saura, ruwan ya ɗauke sauran. Abin da ake so kawai baki da hanci su tsaya a sama.

Ta yara kuwa da nauyinsu ake saye, an rubuta kilo a jiki. Kada ka ce bari in sayi babba ya girma da ita, yadda muke yi da kayan Sallah. Sa masa, ka ɗaure, sa'an nan ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura kunnuwansa, ta yi masa yawa, a ruwa zai zame ta ƙasa. Nemi mai abin tallafe ƙeya da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Matsa soson kuma, in ya lotsa bai dawo ba, ya mutu.

Kada ka raina ruwan Tiga, Malam. An gama dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, faɗin ruwansa wajen murabba'in kilomita 178, bangonsa kuma ya haura mita 40. Shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Ruwa mai wannan faɗi, in iska ta taso sai ya yi igiya. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a ƙarshen Nuwamba 2021 ba, sa'ad da kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Maulidi. Allah Ya jiƙansu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ta hana shiga jirgin ruwa ba rigar ceto, ta hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare.

Saboda haka, a ɗaura rigar tun a gaɓa, kowa da tasa, har uwar yara. Rigar da ke ajiye ƙarƙashin benci ba ta ceton kowa. In ka ga jirgi ya cika, haƙura ka jira wani sawu. In magariba ta gabato ko hadari ya haɗo, a fasa. Ka tuɓe babbar riga, mata su kintsa mayafi, don tufa mai yawa tana nannaɗe ƙafa da hannu. In kuma wani ya faɗa, kada wanda bai iya ruwa ba ya bi shi, don mai nutsewa duk abin da ya kama ba ya saki. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarka wadda ba kome a ciki, murfinta a ɗaure. Jarka mai lita 20 tana iya ɗaga kusan kilo 20, ta ishi babban mutum ya rungume kafin masunta su iso.

Rigar roba dai a bar wa masunta da masu yashi, su za ta amfana. Kuɗin da ka tanada, sa shi a rigar ceto. Da fatan mai tambaya da sauran masu sauraro sun gamsu. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya kiyaye mu da iyalanmu. Sai mun ji daga gare ku.