Yadda Za Ka Saita Waya Ga Wanda Aka Yi Wa Aikin Ido

A wani shiri na katun ɗin The Simpsons na shekarar 2000, an yi wa Homer aikin ido da hasken leza. Likita ya ba shi maganin ɗigawa, shi kuwa ya ƙi saya, yana ganin dabarar cin kuɗi ce. Ba a jima ba kwantsa ta like masa idanu. Abin dariya ne a katun, amma a zahiri sakaci bayan aiki yana iya jawo asarar gani.

Binciken ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta a Najeriya. Ga mu mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kusa, ga kuma asibitin ido na ECWA a Sabon Gari. Idan aka sallami Baba ko Hajiya, galibi kai mai waya za a bar wa lura da magani. Ga abin da za ka saita.

1. Ƙararrawar magani
Buɗe Clock, ka sa ƙararrawa ga kowane lokaci da likita ya rubuta, kowacce da sunan maganinta. Idan maganin iri biyu ne, raba su da aƙalla minti 5, don kada na biyu ya wanke na farko.

2. Waya ta yi karatu
Mai kallon allo yana rage ƙiftawa, ido kuma ya bushe. A Tecno ko Infinix, shiga Settings, sai Accessibility, ka kunna Select to Speak. TalkBack ya fi shi iko, sai dai yana canza yadda ake taɓa waya: taɓawa ɗaya zaɓi ce, biyu buɗewa, gungurawa kuma da yatsu biyu. Gwada shi kafin ranar aiki. A iPhone sunansa VoiceOver. Yawancin muryoyin ba su iya karanta Hausa da kyau, don haka a roƙi dangi su riƙa turo saƙon murya a WhatsApp.

3. Girman rubutu da haske
Ƙara Font size, ka rage hasken allo. Da likita ya ba da izinin kallo, duk bayan minti 20 a dubi abu mai nisan mita 6 na tsawon daƙiƙa 20.

Abin da waya ba za ta yi ba
Ba za ta hana ƙurar hunturu ko murza ido ba. A ajiye kwalli, a wanke hannu kafin ɗiga magani, a tambayi likita yadda za a yi alwala da sujada. Idan ciwo ya ƙaru, ido ya ƙara ja, ko gani ya ragu, kada a tsaya bincike a Google. A koma asibiti a ranar.